Al'adar Goggona ta ɗauke tana da shekara 38, kuma babu wanda ya yi mata zancen ƙwaƙwalwa

Goggo ƙanwar babana ce, kuma duk unguwarmu an san ta da uwar adashi. Mata kusan talatin ke zubi a wajenta, ba littafi ba biro, ba ta yi boko ba balle a ce, amma ta san wadda ta kawo, ta san wadda ta tsallake sati, ta san wadda kwasarta ta zo da wadda ta roƙa a musanya mata saboda bikin 'yarta, kuma ban taɓa jin an ce an yi rigimar kuɗi a ɗakinta ba. Yanzu shekararta 63. Da azumin da ya wuce na je gaishe ta, kafin a sha ruwa sau huɗu ta tambaye ni "ke yaushe kika zo ne 'yar nan", kuma duk tambayar da murnarta take yi kamar yanzu ta ganni. Da ta tada sallar la'asar kuwa, a raka'a ta biyu ta tsaya cak, ta juyo tana kallonmu, bakinta yana motsi, ta rasa inda take. Wallahi fita na yi tsakar gida na tsaya wajen randa don kar ta ga hawayena.

Mutanen gida kowa da abin da yake cewa. Wasu sun ce gigin tsufa ne, wasu sun ce shafar aljanu, akwai ma wadda ta ce ai tun da aka yi rigimar gado aka yi mata jifa. Ni dai abin da ya tsaya min shi ne, shekara 63 wane irin tsufa ne, ga kakata ta wajen uwa ta haura 80 har yanzu tana lissafa jikokinta da ranar da aka haifi kowa.

Ranar da za mu kai ta ganin likita aka ce a zo da tsofaffin takardunta, sai muka buɗe kwallarta, can ƙasa cikin wata leda da ta ƙwame muka samu katin asibitin da aka yi mata aiki tana da shekara 38, lokacin da ƙari ya fito mata a mahaifa jini ya ƙi tsayawa. An rubuta wasu haruffa, TAH da BSO. Na ɗauki hoto na tura wa ƙawata nas ce, ko minti biyar ba a yi ba ta kira ni ta ce ma'anarsa an cire mahaifa, kuma an haɗa da gidan ƙwai duka biyun. Goggo ta san an cire mahaifa. Ba ta san an cire gidan ƙwai ba, mu ma ba mu sani ba, mijinta Allah ya jiƙansa shi ya sa hannu a takarda kuma na tabbata shi ma abin da ya ji kawai shi ne "za a ceci ranta". An ceci ran nata alhamdulillah, ba na raina wannan ko kaɗan. Amma daga ranar jikinta ya shiga halin macen da ta kai hamsin da wani abu a dare ɗaya, aka sallame ta da maganin ƙarin jini da na ciwo, shi ke nan. Innata ta ce tana tuna shekarun nan, Goggo za ta tashi tsakar dare cikin sanyin hunturu ta watsa ruwa wai wuta ke ci a jikinta, ga faɗa ba dalili, ga rashin barci, mutane suka ce baƙin cikin rashin ƙara haihuwa ne.

Ba ina cewa aikin nan ne ya jawo mata mantuwa ba, kar a fahimce ni ba daidai ba. Likitan da ya gan ta ma bai faɗi haka ba, ga hawan jini da ta daɗe da shi tana shan magani yau ta bari gobe. Abin da nake cewa shi ne akwai alaƙa da masana suka daɗe suna gani tsakanin ɗaukewar al'ada da wuri da lafiyar ƙwaƙwalwar mace, kuma haƙƙin mace ne a gaya mata, mu kuwa a wajenmu ko zancen ba a yi.

Mu a tunaninmu gidan ƙwai na haihuwa ne kawai, in an gama haihuwa ba shi da sauran aiki. To ba haka ba ne. Shi ke samar da yawancin sinadarin da ake kira estirojin a jikin mace, kuma sinadarin nan aikinsa bai tsaya a mara ba, yana kare ƙashi, yana taimakon jijiyoyin jini, kuma a cikin ƙwaƙwalwa akwai wuraren da aka halitta masa da yake sauka, har da sashen da ke riƙe sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Yana taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ƙona suga su samu ƙarfi. Wata mai bincike a Niyok, Lisa Mosconi, ta yi ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mata kafin ɗaukewar al'ada da lokacinta da bayanta, ta nuna yadda ƙarfin da ƙwaƙwalwa ke samu daga suga yake raguwa a wannan tsakanin, sannan a wajen mata da yawa ƙwaƙwalwar ta saba ta daidaita kanta. Shi ya sa mace mai shekara 48 ko 50 za ka ji tana cewa ta shiga ɗaki ta manta me ya kawo ta, ko sunan maƙwabciyarta ya ɓace mata a baki. Wannan yawanci yana wucewa, ba shi ne ciwon mantuwa ba, don haka kar hankalin kowa ya tashi.

Inda maganar take ita ce in abin ya zo tun lokacinsa bai yi ba. Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. In ta ɗauke kafin 45 likitoci suna cewa ta yi wuri, in kuma kafin 40 ne wannan suna ɗaukarsa a matsayin lalura mai zaman kanta, gidan ƙwai ya daina aiki tun da sauran lokaci, kuma aƙalla mace 1 cikin 100 tana samun kanta a haka. Ki lissafa, macen da abin ya same ta tana 38 kamar Goggo ta rasa kariyar sama da shekara goma da sa'o'inta suka samu.

A 2007 likitocin asibitin Mayo a Amurka, ƙarƙashin Walter Rocca, suka fitar da sakamakon bin diddigin matan da aka cire wa gidan ƙwai kafin lokacin ɗaukewar al'adarsu, shekaru masu yawa bayan aikin. Suka ga waɗannan matan sun fi sauran shiga matsalar tunani ko ciwon mantuwa, kuma iya ƙuruciyar mace lokacin aikin iya ƙaruwar haɗarin. Abin da ya fi taɓa ni a binciken shi ne, matan da aka cire musu duka biyun amma aka ba su maganin estirojin har suka kai shekara 50, ba a ga wannan ƙarin haɗarin a kansu ba. Da na karanta wannan sai na ajiye wayar, katin Goggo kawai nake gani a idona. Sai kuma a 2022 aka gabatar da wani binciken a taron ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, an duba bayanan mata sama da 150,000 na Birtaniya, aka ga waɗanda al'adarsu ta ɗauke kafin 40 sun fi waɗanda tasu ta ɗauke wajen 50 haɗarin kamuwa da ciwon mantuwa da kashi 35 cikin 100. A 2023 ma wasu masu bincike a Boston sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa suka ga matan da tasu ta ɗauke da wuri sun fi tara wani gurɓataccen furotin mai suna tau, ɗaya daga cikin abubuwa biyu da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzaima, wato wani nau'in ciwon mantuwa, musamman in ɗayan ya riga ya fara taruwa.

Kashi 35 ɗin nan fa a fahimce shi. Ba ana nufin mata 35 cikin 100 za su kamu ba, ana nufin haɗarin ya ɗan ɗara na sauran ne, kuma mafi yawan matan da al'adarsu ta ɗauke da wuri za su tsufa da hankalinsu garau. Sannan irin wannan binciken alaƙa yake nunawa, wani lokacin abin da ya sa al'adar ta ɗauke da wuri, kamar shan taba ko wata cuta, shi ma da kansa yana cutar da ƙwaƙwalwa. Na faɗi wannan ne don na san halinmu a soshiyal midiya, gobe sai ka ga wani ya yanko rabin magana ya haɗa da hoton kwalba yana cewa ga maganin mantuwa na mata dubu goma sha biyar.

To amma me ya sa zancen ya fi shafar mu mata? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu, kuma mata ne suka fi yawa. A Amurka kusan biyu cikin uku na masu Alzaima mata ne. Ita kanta cutar a jikin mace aka fara gano ta, Auguste Deter, wadda aka kai asibiti a Farankfot ta Jamus a 1901 tana da shekara 51, likita Alois Alzheimer ya yi bayaninta a 1906. Da can ana cewa ai don mata sun fi tsawon rai ne, kuma gaskiya ne wannan yana ciki, amma yanzu masana na ganin tsawon rai kaɗai bai gama bayanin ba, shi ya sa ido ya koma kan abin da ke faruwa da jikin mace a tsakiyar rayuwarta. Ƙari a kan wannan, mu ɗin dai mu ne masu jinya. Wadda ke kwana da Goggo yanzu, tana ɓoye ashana, tana kulle ƙofar zaure da daddare don kar ta fita neman gidan iyayenta da aka rushe tuntuni, 'yarta ce mace.

Yanzu mu dawo gida. A wajenmu in mace mai shekara 36 ta wayi gari wata uku wata huɗu ba ta ga jini ba, me ake ce mata? Na farko ciki ne. In an yi gwaji ba ciki, sai a ce ai cikin ne ya kwanta, kuma na san matar da ta yi shekara biyu tana rainon kwantaccen ciki, ana ba ta rubutu da saiwoyi don ya tashi. In ba wannan ba a ce sanyi ne, kalmar da muka mayar da ita kwandon zuba duk wani ciwon mace, ta je kemis a haɗa mata allurai da ƙwayoyi kala biyar. Ita kuma matar, tsoronta ɗaya kar miji ya ji, kar dangin miji su ji, don ranar da aka ce "ta daina" ranar za a fara zancen ƙaro aure a gabanta, kishiya kuma ta samu abin gori. Sai ta yi shiru. Na ji labarin wadda take ajiye salla na kwana biyar duk wata a gaban mutane, ta shiga ɗaki ta rufe ta yi abarta, don kar a gane. Ki duba irin wannan nauyin, ga zafin jiki, ga rashin barci, ga bushewar gaba da ke sa kwanciyar aure ta zama azaba, ga ɓoyo.

Abin mamakin shi ne addininmu bai ɗauki zancen a matsayin abin kunya ba. Alƙur'ani ya ambaci matan da suka yanke tsammani daga haila ƙarara a Suratu Ɗalaƙ, aka faɗi iddarsu wata uku. A Suratun Nahli kuma Allah ya yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga wannan. A islamiyya ana koya mana hukuncin jini dalla-dalla, mun fi kowa sanin kwanakinmu saboda salla da azumi. Ke nan macen Bahaushiya ta riga ta san ranar da al'adarta ta fara rikicewa, abin da ya rage kawai ta san cewa wannan labari ne da ya kamata likita ya ji.

Akwai wata hanyar da nake ganin ta shafe mu sosai a Arewa kuma ba a cika faɗa ba. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, wani lokacin wata 'yar ƙaramar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke ba gidan ƙwai umarni, takan lalace saboda jini bai isa gare ta ba. Sai a ga ruwan nono bai zo ba, an yi arba'in an yi yaye al'ada ba ta dawo ba, ga kasala kullum. Likitoci na kiransa ciwon Sheehan. Gidan ƙwan lafiyarsa ƙalau amma ba mai tashinsa, sakamakon dai jiki ya rasa estirojin tun da ƙuruciya, har da wasu sinadaran da rashinsu ke da haɗari. A inda mata da yawa ke haihuwa a gida kuma jini ya ɓalle kafin a samu mota, dole mu san da wannan. Sauran dalilan kuwa akwai gado, in mahaifiyarki ko yayarki tasu ta ɗauke da wuri ki sa ido, akwai maganin kansa da gashin na'ura da ake yi wa masu ita, akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jiki, sannan taba sigari tana matso da lokacin da shekara ɗaya zuwa biyu, 'yan matanmu masu zuƙar shisha su ji. Sau da yawa kuma a yi duk gwajin ba a ga dalili ba.

Maganar magani tana son natsuwa, don nan ne ake rikicewa. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya tsorata duniya game da maganin maye gurbin sinadaran mata, a 2003 kuma wani reshensa ya nuna matan da aka fara ba wa maganin suna da shekara 65 zuwa sama haɗarin mantuwarsu ya ninka. Daga nan likitoci da yawa suka ja baya, mata suka watsar. Amma waɗannan tsofaffi ne da suka yi shekaru da ɗaukewar al'ada. Mace mai 35 ko 38 da gidan ƙwanta ya tsaya lissafinta daban ne, ita abin da jikinta ya kamata a ce yana da shi ake mayar mata, kuma ƙa'idojin likitocin Turai da Birtaniya sun ce irin wannan a ba ta maganin har ta kai wajen shekara 50 ko 51, sai dai in akwai abin da ya hana kamar kansar mama, domin kare ƙashinta da zuciyarta. Ba a ce kowace mace ta sha don gudun mantuwa ba, kuma ba abin da za ki aiki yaro kemis ya sayo ba ne, wadda ke da mahaifa ma sai an haɗa mata da wani sinadarin na biyu in ba haka ba estirojin kaɗai zai iya jawo wa mahaifar illa. Likitan mata ne zai duba ya yanke.

Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi. Duk likitan da zai shiga da mace tiyata ya zaunar da ita, ita kanta ba mijinta kaɗai ba, ya gaya mata da Hausar da za ta gane me za a cire me za a bari. Cire mahaifa daban, cire gidan ƙwai daban. In mahaifa kawai aka cire jini zai tsaya amma gidan ƙwai zai ci gaba da aikinsa. In babu kansa ko wani dalili mai ƙarfi, kar a ce tunda an buɗe ciki bari a kwashe gaba ɗaya a huta. In kuma dole ce ta sa, to kar a sallame ta sai an gaya mata abin da zai biyo baya da inda za ta dawo. Na san asibitocinmu, na san likita ɗaya yana ganin mutum ɗari a yini, na san wani aikin cikin dare ake yinsa jini na zuba ba lokacin dogon bayani. Amma bayan ta farfaɗo fa? Kwana nawa take yi a gado kafin sallama? Minti goma ya isa.

Mazajenmu kuma, don Allah, in matarka ta ce jikinta ya canza, ta cika fushi, ba ta barci, tana mantuwa, tana gudun shimfiɗa, kafin ka ce raini ne ko ka fara yi mata wa'azin tsinuwar mala'iku, ka tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, ka ba ta kuɗin mota da na gwaji. Gwajin jini ne ake yi, ana kiransa FSH, bayan an tabbatar ba ciki kuma an duba maƙoƙo da sinadarin nono don su ma suna tsayar da jini.

Wadda kuma abin ya riga ya same ta shekaru sun ja, ba a ce ƙofa ta rufe ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya taɓawa, kuma da na karanta su sai na ga kamar gidajenmu aka leƙa aka rubuta. Hawan jinin da ake shan magani sai kai ya yi ciwo, ciwon suga, ƙiba da zama wuri ɗaya, kunnen da ya daina ji aka bar shi, yanar ido da ake jin tsoron cirewa, damuwar da ake ce wa rashin tawakkali, kaɗaici, gurɓatacciyar iska, ga mu kullum a gaban murhu hayaƙin itace na shiga ido da ƙirji, da kuma rashin karatu tun yarinta, wanda shi kaɗai ya isa a bar 'ya mace ta yi makaranta. Macen da al'adarta ta ɗauke da wuri ita ta fi kowa buƙatar a riƙa auna jininta, ta riƙa tattaki, ta koma islamiyya ko da hadda ce ta aya biyu a sati, ta shiga mutane. Goggo shekara ashirin da biyar tana yawo da wannan haɗarin ba ta sani ba, da mun sani ko ba komai da mun tsaya mata a kan maganin hawan jinin nan.

Abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan, 'yar Goggo ce, wadda ke jinyarta. Shekararta 39. Ranar da muka dawo daga asibiti muna wanke-wanke a bakin rijiya ta rage murya ta ce min "Yaya, ni fa wata bakwai ke nan ban gani ba, kuma na yi gwaji sau uku ba komai, ban gaya wa kowa ba ko baban su Ummi bai sani ba." Ta ce wata ta ba ta wani jiƙo ta ce sanyi ne. Na ce ta ajiye jiƙon. Ranar Litinin na je na karɓo mata kati a ɓangaren mata, an ba mu ranar Alhamis ta sama, ni zan zauna da Goggo ita ta tafi, kuma mun yi da ita a daren Laraba za ta gaya wa mijinta da bakinta.